A Auna a Gabanmu: Kimiyya a Fili da Matsalar Binciken da Ba Ya Maimaituwa



 Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama suka kuma ba ni dama in yi magana, alhali ga waɗanda suka fi ni sani zaune a gaba. In na kauce a gyara mini, tunda dai gyaran kuskure ne ya tara mu a yau.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen hatsi ya san yadda ake yi. Ko da ma'aunin amininka ne, ko sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, ba zai shige bayan rumfa ya ƙullo buhu ya ce maka ga gero tiya goma nan ba. A gabanka zai auna, kana kallo, kuna ƙirgawa tare. In ka kai gida uwargida ta sake aunawa da nata kwanon, babu wanda zai ce ta zargi wani da sata. Haka ciniki ya gada.

Kasuwar ilimi kuwa ta daɗe ba ta bin wannan ƙa'ida. Mai bincike zai shiga ɗakin gwaji ko ya fita ƙauye ya tattaro bayanai, ya rufe ƙofa ya yi lissafinsa, sannan ya fito da maƙala mai shafi goma ya ce ga abin da na gano. Buhu ne a ƙulle. Masanan da mujalla ke ba aikin tantancewa su ma galibi maƙalar kawai suke gani, ba a ba su ɗanyen bayanan su sake aunawa. A kan wannan buhu likita zai rubuta magani, gwamnati ta tsara kasafi, malami ya koyar a aji.

Kalmomi biyu zan yawaita ambata, bari in fayyace su tun yanzu. Maimaituwa iri biyu ce. Akwai sake lissafi: ka ba ni bayananka da hanyar da ka bi, in bi sawunka, in ga ko zan iso inda ka iso. Akwai kuma sake gwaji: in tattaro sababbin bayanai da kaina bisa tsarinka, in ga ko abin da ka gani zai sake bayyana. Kimiyya a fili kuma ita ce ɗabi'ar barin ƙofa a buɗe tun daga shirin bincike har zuwa sakamakonsa, yadda duk mai so zai iya yin ɗayan biyun nan.

Ɗalibin da ya ce a nuna masa lissafi

A shekarar 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wata gajeriyar maƙala kan bashi da bunƙasar ƙasa. Sun duba ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasa kan durƙushe, har matsakaicinta ya faɗa ƙasa da sifili, wato raguwar kashi 0.1 cikin 100. Maƙalar ta zo a kan gaɓa. Duniya na fama da raɗaɗin rikicin kuɗi na 2008, 'yan siyasa a Amurka da Turai na neman hujjar tsuke bakin aljihu, sai ga lamba 90 daga bakin masana. Aka yi ta ambatonta a jawabai da takardun kasafi. Mu nan ba ma buƙatar a fassara mana abin da tsuke bakin aljihu ke yi wa albashi da asibiti da makaranta.

A 2012, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aka ba ɗaliban babban digiri aikin aji: kowa ya zaɓi wata fitacciyar maƙala ya sake lissafinta. Wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya zaɓi wannan. Ya tattaro alƙaluman, ya buga, bai samu abin da suka samu ba. Ya sake, shiru. Malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka ce ya koma ya duba, wataƙila shi ne ya kuskure. Ai kowane malami a cikinmu haka zai ce. Wa zai ɗauki maganar ɗalibi a kan ta shehunan malamai? Zangon karatu ya ƙare lissafi bai fito ba. Daga ƙarshe ya rubuta wa marubutan yana roƙon su turo masa ainihin jadawalin da suka yi aiki da shi, su kuma suka turo.

Da ya buɗe jadawalin na Excel ya danna gurbin da aka fitar da matsakaici, sai ya ga inda aka ja layi don haɗa ƙasashe bai kai ƙarshe ba. An tsaya saura layi biyar. Ostireliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak duk sun faɗo daga lissafin. Bayan wannan aka ga wasu shekaru na wasu ƙasashe ba a sa su ba, aka kuma ga yadda aka raba nauyi: shekara ɗaya tak ta ƙasar New Zealand, 1951, wadda tattalin arzikinta ya ragu da kashi 7.6, an ba ta nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Da Herndon da malamansa suka gyara duka, a maƙalarsu ta Afrilun 2013, raguwar 0.1 ta koma bunƙasar kashi 2.2.

Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren jadawalin, suka kare sauran zaɓinsu, suka ce har yanzu bashi mai yawa na tafiya tare da raguwar bunƙasa. Wannan muhawara ta masana tattalin arziki ce, ba ita ta kawo ni ba. Abubuwa biyu nake so mu riƙe. Shekara uku maƙalar na yawo a manyan ofisoshin duniya ba wanda ya ga kuskuren, domin ba wanda ya ga jadawalin. Ranar da aka buɗe shi kuwa, ɗalibi ya gano. Sannan mutanen nan biyu sun cancanci yabo a wuri ɗaya: da sun ƙi turowa, da wataƙila har yau ana karantar da lambar 90 a azuzuwa.

Ina girman ɓarakar ya kai?

Wani zai ce ai tsautsayi ne na maƙala ɗaya. Tun 2005 wani likita masanin ƙididdiga, John Ioannidis, ya buga maƙalar da ta tayar da ƙura, inda ya nuna da lissafi cewa a yanayin da ake gudanar da bincike a fannoni da dama, mafi yawan sakamakon da ake bugawa na iya zama ba daidai ba. Mutane da yawa suka ɗauka zuzutawa ce. Sai aka fara gwadawa.

A 2012 Glenn Begley, wanda ya jagoranci binciken cutar daji a kamfanin magunguna na Amgen, shi da Lee Ellis suka ba da rahoto a mujallar Nature cewa an yi ƙoƙarin tabbatar da manyan bincike 53 da ake ji da su a fannin, guda 6 kacal suka tabbata. A 2015 masu bincike kimanin 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek, suka sake gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam. A na asali, 97 sun ce sun gano wani tasiri. Da aka sake, kusan kashi 36 cikin 100 ne suka nuna hakan, kuma ƙarfin tasirin ya ragu zuwa kusan rabi. A 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576: sama da kashi 70 cikin 100 suka ce sun taɓa gwada maimaita aikin wani ya gagara, sama da rabi kuma suka ce nasu na kansu ma ya taɓa gagararsu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wani aiki da aka kammala a 2021, shi ma kan cutar daji. An shirya sake gwaje-gwaje 193 daga maƙaloli 53. Bayan shekaru ana fama, 50 kawai aka iya yi. Daga cikin dalilan akwai wannan: a cikin 193 ɗin nan, babu ko ɗaya da aka yi bayaninsa a maƙala dalla-dalla yadda za a iya sake shi ba tare da an koma an tambayi marubutan ba. Wasu marubutan sun taimaka, wasu ko amsa wasiƙa ba su yi ba. Kamar mace ce ta ba ki labarin daɗin miyarta, ta lissafa miki kayan haɗi, ta bar ma'auni da lokacin sanwa a cikinta.

A nan sai mu yi adalci. In an sake gwaji bai fito ba, hakan bai tabbatar da cewa na farko ƙarya ne ba. Mai sakewa ma yana kuskure, mutane da wurare kuma sun bambanta. Abin da ya tabbata shi ne maganar ba ta kai ƙarfin da aka ba ta ba tun farko.

Ta ina ruwa ke shiga?

Da an ji irin wannan, zuciya kan tafi ga maƙaryata. Akwai su. Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan ya shekara da shekaru yana zama a ofis yana ƙirƙiro alƙaluma, har asirinsa ya tonu a 2011 ta hannun matasan masu bincike da ke aiki a ƙarƙashinsa, aka janye maƙalolinsa sama da 50. Sai dai irinsa ba su da yawan da za su bayyana alƙaluman da na karanto. Mafi yawan ɓarnar daga hannun mutanen kirki take fitowa, ta ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce aljihun tebur. Ku ɗauki misalin boka da mata masu ciki ashirin suka je wurinsa, ya ce wa kowace namiji za ki haifa. Kusan rabi za su haifi maza, su dawo da tukwici, su baza labarinsa a gidan suna. Sauran su yi shiru, don ba mai son a san ta je. In ka zo garin kana tambaya, labarin dacewa kawai za ka ji. Haka mujallu suke: suna son binciken da ya ce an gano, wanda ya ce ba a ga komai ba kuma sai ya kwanta a aljihun tebur. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa suka duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. A ƙididdigar hukumar, 38 sun nuna maganin na aiki, kuma 37 daga cikinsu an buga su. Sauran 36 da sakamakonsu bai yi kyau ba ko yake da shakku, 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an buga su da lafazin da ke nuna kamar an yi nasara. Likitan da ya dogara da mujallu zai ga nasara kashi 94 cikin 100, alhali a takardun hukuma 51 ce.

Ƙofa ta biyu ita ce yawan hanyoyi. A fannoni da yawa ana karɓar sakamako in lissafi ya nuna cewa, da a ce babu wani tasiri na gaske, ba za a ga irinsa ba sai ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin. To wanda ya gwada hanya ashirin fa? Ya raba maza da mata, ya cire tsofaffi, ya ƙara mutane goma, ya sauya ma'auni, har ɗaya ta faɗa. Ita zai rubuta, ya kuma rubuta ta kamar tun farko ita ya nufa. Bai ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, kuma da ka rantsar da shi zai rantse bai yi ha'inci ba. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna haɗarin wannan da gangan: ta irin waɗannan dabaru suka fitar da sakamakon da ya cika ƙa'ida cewa sauraren wata waƙa na rage wa mutum shekarun haihuwa da kusan shekara ɗaya da rabi.

Masu son ƙwallo ga naku. An ba ƙungiyoyin masana 29 bayanai iri ɗaya na 'yan wasan manyan gasannin Ingila da Jamus da Faransa da Sifaniya, aka yi musu tambaya ɗaya: shin alƙalan wasa sun fi ba baƙaƙen fata jan kati? Ƙungiyoyi 20 suka ce lissafinsu ya nuna haka, 9 suka ce nasu bai nuna ba. An buga wannan a 2018. Da ƙungiya ɗaya aka ba aikin, da amsarta za mu ɗauka mu wuce, ba mu san akwai wasu amsoshin ba.

Ƙofa ta uku tana cikin gidanmu: yadda muke saka wa mai bincike. Kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙaloli yake yi. Wanda ya shafe shekara biyu yana sake gwajin wani, ko yana tsabtace bayanai don wasu su amfana, ba shi da abin da zai sa a fom. Inda ake sayen yawa kuwa, masu sayar da yawa za su fito. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya haɗa maƙalar bogi mai cike da kurakuran da ɗalibin aji ɗaya zai gane, ya tura wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi su buga, 157 suka karɓa. Kowa a zauren nan ya san irin waɗannan mujallu, saƙonsu na shigo mana kullum.

Maganin da aka gwada

Buɗe ƙofa ba baƙon abu ba ne a tarihin ilimi. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, a littafinsa Kitabul Manazir yakan bayyana yadda za a ƙera kayan gwaji da yadda za a jera su, don mai karatu ya yi da hannunsa ya gani da idonsa. Malaman hadisi kuma ba su taɓa wadatuwa da girman sunan mai magana ba. Sukan tambayi wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa, sannan su nemi ko labarin ya zo ta wata hanya dabam. A tsangaya ma alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan miƙa wa 'yan'uwansa mahaddata su bi shi baƙi da wasali, ba ya jin an raina shi. Abin da kimiyya a fili ta ƙara shi ne mayar da wannan ɗabi'a ƙa'ida, da amfani da intanet wajen sauƙaƙa ta.

Mataki na farko shi ne rajista tun kafin a fara. Mai bincike ya rubuta tambayarsa, da yawan mutanen da zai ɗauka, da abin da zai auna, da lissafin da zai yi, ya ajiye a rumbun da kowa zai gani da kwanan wata a jiki. Daga nan ba damar sauya magana a ɓoye, ba kuma damar binne gwajin da bai yi daɗi ba. A 2000 Amurka ta buɗe rumbun rajistar gwajin magunguna, daga 2005 kuma manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista ba. Robert Kaplan da Veronica Irvin sun duba manyan gwaje-gwajen cututtukan zuciya da wata cibiyar gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi: kafin 2000, 17 cikin 30 sun ba da rahoton nasara, bayan 2000, 2 cikin 25. Mutanen Kano ba sa buƙatar dogon bayani kan abin da bincike a duhu ke haifarwa. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, sai a ƙarshen 2000 duniya ta ji cikakken labarinsa ta jarida, kuma zargin da ya bari yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Wasu mujallu sun ƙara gaba. Tun 2013, farawa da mujallar Cortex, akwai tsarin da ake tantance shirin bincike kafin a tattaro bayanai. In tambayar na da muhimmanci hanyar kuma ta inganta, mujalla ta yi alƙawarin bugawa ko me sakamakon ya nuna. Yanzu ɗaruruwan mujallu na karɓar irin wannan.

Mataki na biyu shi ne ajiye ɗanyen bayanai da umarnin kwamfuta inda za a same su. A Mayun 2020 mujallar Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya duba majinyatan korona kimanin 96,000 a asibitoci 671, ya gano cewa kulorokwin da danginsa na ƙara haɗarin mutuwa. Nan take Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani ɓangare na gwajinta. Masana suka fara tambaya: adadin mamatan da aka danganta wa Ostireliya ya zarce wanda ƙasar ta sanar, alƙaluman Afirka kuma ba su yi kama da abin da asibitocin nahiyar ke iya tattarawa ba. Aka nemi kamfanin Surgisphere mai bayanan ya buɗe a duba, ya ƙi. Cikin mako biyu aka janye maƙalar, bayan uku daga cikin marubutan sun ce ba za su iya tsaya wa bayanan ba. Amsar gaskiya kan maganin daga baya ta fito, daga babban gwajin da aka yi a Birtaniya bisa tsarin da aka bayyana tun farko: ba ya ceton masu korona da ke kwance a asibiti.

Mataki na uku shi ne maƙalar kanta ta zama kowa na iya karantawa ba sai ya biya ba. Masana kimiyyar fiziya sun fara ajiye rubuce-rubucensu kyauta a rumbun arXiv tun 1991. A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da shawarar bai ɗaya kan kimiyya a fili.

Daɗinta da ɗacinta

An ga amfanin wannan a lokacin tsanani. A 2014, ana tsakiyar annobar Ebola, masu bincike a Kenema ta Saliyo da abokan aikinsu na Amurka da Najeriya suka karanta tsarin halittar ƙwayar cutar har 99 daga majinyata 78, suka saki bayanan ga duniya ba su jira mujalla ba. Kafin maƙalar ta fito a watan Agusta, biyar daga cikin marubutanta cutar ta kashe su, har da Dakta Sheik Humarr Khan. Ranar 11 ga Janairun 2020, Zhang Yongzhen na Shanghai da Edward Holmes na Sidni suka saki tsarin halittar ƙwayar korona a intanet. A tsakiyar Maris har an fara gwada rigakafi a jikin mutum. A watan Maris ɗin ne kuma cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a Jihar Osun ta fitar da tsarin ƙwayar na farko daga nahiyar Afirka.

Amma ba zan ɓoye muku ɗacin ba. A Nuwamban 2021 Sikhulile Moyo a Botswana da Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu da abokan aikinsu suka gano nau'in Omicron, suka sanar da duniya cikin gaggawa. Tukwicin da ƙasashensu suka samu shi ne rufe musu hanyar jiragen sama, a farkon Disamba kuma Birtaniya ta haɗa da Najeriya. A 2007 Indonesiya ta taɓa daina ba da samfurin murar tsuntsaye, tana cewa ana karɓa kyauta a yi rigakafin da ita ba za ta iya saye ba. Haka nan kuɗin da aka ɗauke wa mai karatu sau da yawa kan marubuci yake komawa: a 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 ga mai son maƙalarsa ta zama kyauta ga kowa. Ku auna wannan da albashin malamin jami'a a nan. In ba a yi hattara ba sai a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mu tattaro bayanai cikin rana da ƙura, mai babbar kwamfuta a wata nahiya ya sauke ya riga mu bugawa.

Don haka buɗewa na da sharuɗɗa. A ambaci wanda ya tattaro bayanai, a ba shi lokacin da zai fara cin moriyar guminsa. A kuma tsare sirrin mutane, domin a ƙaramin ƙauye cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Shekaru da sana'a da yawan 'ya'ya sun isa a gane ko wace ce. Bayanan lafiya da makamantansu a ajiye su inda sai da izini za a shiga.

Mu dawo gida

Laifi tudu ne, bari in sauko daga nawa. Wasu shekaru bayan na gama digirina na uku, wata ɗaliba ta zo ofishina tana son ɗora aikinta a kan nawa. Ta ce, "Malam, jadawali na huɗu nake so in sake, ko za a taimaka mini da bayanan?" Na ce ta dawo jibi. Na buɗe tsohuwar kwamfutata na tarar da fayil uku: ɗaya na sa masa suna na ƙarshe, ɗaya na ƙarshe gyararre, ɗaya na ƙarshen ƙarshe. Yawan mutanen da ke cikinsu bai zo ɗaya ba. Na tuna na cire wasu, na manta dalili. Na je gida na jawo kwalin takardun tambayoyi daga ɗakin ajiya, na tarar gara ta riga ni. Kwana uku ina bugawa, lambobin suna kusantar na kundin amma ba su zauna daidai ba. Da ta dawo na faɗa mata gaskiya, kunya kamar in nutse. Ban yi ƙarya a kundina ba, amma ba ni da abin da zan nuna wa wanda ya ce na yi.

Abin da na koya ba ya buƙatar tallafin waje. Ɗalibai, ku ajiye ɗanyen bayananku yadda suka zo, kada ku taɓa su, ku yi aiki da kwafi. Duk abin da kuka cire ko kuka sauya, ku rubuta shi da dalilinsa da kwanan wata a ranar da kuka yi. Ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. In za ku iya, ku koyi yin lissafi da rubutaccen umarni a manhaja irin R, wadda kyauta ce, don danne-danne ba ya barin sawu.

'Yan'uwana malamai, mu daina mayar da ɗalibi don hasashensa bai tabbata ba. Ranar da ka ce masa je ka gyara sai ya fito, ka koya masa ha'inci da bakinka. Mu karɓi sake gwajin wani aiki a matsayin kundin digiri, musamman abin da aka gano a wata ƙasa ake son aiwatarwa a gonakinmu da asibitocinmu. A wurin kare kundi kuma a ce ɗalibi ya buɗe kwamfuta ya sake fitar da jadawali ɗaya a gaban kwamiti.

Shugabanninmu na jami'o'i, a gyara rumbunan ajiya na intanet, kundaye su fito daga kabad. A wajen ƙarin girma a ce mutum ya kawo ayyukansa kaɗan da ya fi alfahari da su a karanta, a kuma ba da maki ga bayanan da aka ajiye wasu suka amfana.

Kammalawa

Na san wanzami ba ya son jarfa. Mun saba mu ne masu jan biro a takardar wasu, ba daɗi ɗalibi ya ce Malam a nuna mini. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ɗalibar nan tawa daga baya ta sake tattaro bayanan da kanta, ta ajiye komai a tsare, ta ba ni kwafi. Wani ɓangare na abin da na rubuta ya tabbata a hannunta, wani bai tabbata ba, kuma yau nata nake ba ɗalibai su karanta kafin nawa.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Alƙaluman da na kawo mafi yawansu suna cikin maƙalolin da na ambaci masu su da shekarunsu. Ina roƙon ɗalibai su je su duba, wanda ya kama ni da kuskure ya same ni a ofis.  Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.